Yadda ake tallata gurbin aiki da na sanin makamar aiki ga ɗaliban jami'a da masu digiri

Masu kamfanoni da masu makarantu da asibitocin kuɗi a Kano da Kaduna da Zariya suna da koke guda da ba ya ƙarewa: wai yaran yanzu ba su iya komai ba, an nema an rasa wanda zai riƙe lissafi ko ya kula da inji. A ɗaya gefen kuma ga dubban matasa da digiri da difloma a jaka, suna cewa aiki sai mai uwa a gindin murhu. Kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar. Sai dai akwai abin da ke tsakaninsu wanda ba a cika dubawa ba, wato ita kanta sanarwar neman ma'aikaci. Yawancin guraben ma ba a sanar da su. Alhaji ya faɗa wa ƙaninsa, ƙanin ya faɗa wa abokinsa, a kawo wanda aka kawo. Waɗanda ake sanarwa kuwa, sau da yawa rubutunsu ba shi da maraba da na 'yan damfara, har yaron kirki ya ji tsoron nema.

Duk ɗalibin da ya ga sanarwarka, tambayoyi biyu ne ke fara zuwa masa: anya gaskiya ce, kuma anya ba a riga an ba ɗan wani ba? Duk abin da zan faɗa a nan hanya ce ta amsa waɗannan biyun tun kafin a yi maka su. Idan ka amsa su, waɗanda suka fi cancanta za su fito. Idan ba ka amsa ba, za ka tara takardu ɗari uku na masu jefa ƙuri'a a ko'ina, wanda kake nema kuma yana gida bai turo ba.

Da farko, tantance wa kake nema

"Ɗalibi ko mai digiri" ba rukuni ɗaya ba ne, kuma kowane rukuni da ƙofar da ake bi a same shi.

Akwai ɗan SIWES, wanda ɗalibai suka fi kira ɗan IT. Wannan tsari ne da Asusun Horar da Ma'aikata na ITF, mai hedikwata a Jos, ya kafa a 1973 don ɗaliban fannonin da ke buƙatar aikin hannu su taɓa aiki kafin su gama. Ɗalibin jami'a galibi wata shida yake yi, masu injiniya a aji huɗu, yawancin masu kimiyya a aji uku. Ɗan kwalejin kimiyya da fasaha yana yin wata huɗu bayan shekarar farko ta ƙaramar difloma, sannan ya yi shekara guda cur ta sanin makamar aiki bayan ya gama ƙaramar diflomar (ND) kafin ya koma babbar difloma (HND). Wannan mai shekara gudan shi ne masu ƙananan masana'antu suka fi mantawa da shi, alhali ya fi kowa daɗewa a hannunka kuma ya riga ya saba da aikin hannu. Abin da za ka riƙe shi ne, ɗan SIWES koyo ya zo. Zai zo da littafin da yake rubuta aikin kowace rana, wanda suke kira logbuk, wani daga wurinka zai riƙa sa masa hannu duk mako, malami daga makarantarsu zai iya zuwa duba shi, kuma a ƙarshe akwai fom na ITF da za ka cike ka buga hatimi. Idan ba ka da wanda zai koya masa, kada ka neme shi.

Akwai ɗan bautar ƙasa, kofa. Shi ya gama karatu, hukumar NYSC ce ke turo shi na shekara guda, a ciki har da mako uku na sansani. Gwamnati na biyansa alawus, wanda aka ɗaga daga naira 33,000 zuwa 77,000, amma hakan bai sauke maka nauyi ba: ana sa ran wurin da aka tura shi zai ba shi masauki ko kuɗin masauki, da ɗan abin mota. Yana da rana guda a mako ta aikin raya al'umma da ba zai zo maka ba, kuma duk wata sai ka ba shi takardar shaidar cewa yana zuwa aiki kafin a biya shi. Wanda ke son ma'aikacin kwana shida a mako, kofa ba nasa ba ne.

Akwai wanda ya gama komai yana neman aiki na dindindin. Ga mai digiri ko HND, doka ta ɗora wa mai ɗaukar aiki ya nemi takardar kammala bautar ƙasa ko ta ɗauke masa ita, kamar wadda ake ba wanda ya haura shekara 30 lokacin da ya gama. Sannan akwai ɗalibin da ke tsakiyar karatu yana son aikin yamma ko na hutu, irin koyar da darasi, riƙe shafin kasuwanci a intanet, ko shigar da bayanai a kwamfuta.

Wasu fannonin kuma ba a yi musu gaban kai. Likita da mai haɗa magunguna da ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje suna da shekara guda ta dole bayan karatu, kuma ba a yin ta sai a wurin da hukumar da ke kula da sana'ar ta amince da shi. Idan asibitinka ko kantin maganinka ba shi da wannan amincewar, kada ka tallata gurbin da sunan wannan shekarar, domin yaro zai ɓata wata goma sha biyu a ce ba a lissafa masa ba.

Na biyu, yanke maganar kuɗi da ta mai kula kafin ka rubuta komai

Nan ne mutane da yawa ke zamewa. Ana son yaro, amma ba a zauna an ce nawa za a ba shi ba, sai ya zo a fara "za mu ga abin da Allah zai yi". Zauna da mai riƙe maka kuɗi ku fitar da adadi. Ga ma'aikaci na dindindin, ka san mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma naira 70,000 tun watan Yulin 2024. Dokar ta fi hawa kan mai ma'aikata 25 zuwa sama, amma ko naka ba su kai haka ba, mai nema da wannan adadin zai auna ka.

Ga ɗan SIWES, babu wanda zai kama ka idan ba ka biya ba, kuma da yawa ba sa biya. Ni dai ina ganin rashin biyan kuɗin mota zalunci ne a ɓoye, kuma asara ce gare ka. Ɗan abin da ake ba su ta hannun ITF bai taka kara ya karya ba, sau da yawa ma sai bayan an gama yake fitowa. Ɗalibar da ke zaune a Rijiyar Zaki aka ce ta riƙa zuwa Bompai kullum, lissafa mata kuɗin adaidaita sahu zuwa da dawowa na wata shida. Idan babu ko kwabo daga wurinka, wanda zai iya jurewa shi ne wanda gidansu ke da hali, ɗan talaka mai ƙwazo kuma zai je ya nemi ofishin da za a buga masa hatimi ya zauna a gida. Idan da gaske ba ka da halin biya, to rubuta hakan ƙarara a sanarwar, ka rage kwanakin zuwa, ka ba da abincin rana.

Sai ka ambaci mutum ɗaya, da sunansa, wanda yaron zai kasance a ƙarƙashinsa, kuma ka tambaye shi ko ya yarda. Rubuta abubuwa uku ko huɗu da kake so sabon zuwa ya iya kafin wata uku. Wannan ɗan rubutun shi ne zai zama cikin sanarwarka.

Na uku, rubuta sanarwar

Ga irin wadda ke yawo a WhatsApp kullum: "Wani babban kamfani yana neman matasa masu ƙwazo da gaggawa. Albashi mai tsoka. Guraben kaɗan ne. A tura CV ta wannan lamba." Babu suna, babu unguwa, babu aikin da za a yi, babu ranar rufewa. Ko da mai ita mutumin kirki ne, ɗalibai sun sha ganin irinta ta kai su wani ɗaki a saman bene inda ake ce musu su biya kuɗin rajista su kawo mutum biyu. Yarinya kuwa ko ta so, mahaifinta zai tambaye ta, "Wane kamfani ne? A ina yake? Wa kika sani a can?" Idan ta ce, "Baba, ba su rubuta ba," magana ta ƙare.

Ga yadda mai gaskiya ya kamata ta kasance, a matsayin misali:

*Ana neman ɗaliban SIWES biyu. Mu ne (sunan kamfani da lambar rajistarsa ta CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista), masu sarrafa shinkafa a rukunin masana'antu na Sharaɗa, Kano (cikakken adireshi). Muna neman ɗalibai biyu daga sashen injiniyan lantarki ko na injina, na wata shida, daga (rana). Za su yi aiki tare da injiniyan kamfani wajen duba injinan casa da janareta da rubuta rahoton gyara. Litinin zuwa Juma'a, ƙarfe 8 zuwa 4, ana tashi da wuri ranar Juma'a. Kuɗin mota (adadi) a wata, da abincin rana. Babu masauki. Maza da mata duk za su iya nema. A cike fom a (adireshin intanet) kafin (rana). Za mu kira waɗanda aka zaɓa cikin mako guda bayan rufewa. Ba ma karɓar ko sisi a kowane mataki. Duk wanda ya nemi kuɗi da sunanmu, a sanar da mu ta (lambar ofis).*

Dubi abin da kowane layi ke yi. Lambar rajista tana ba mai shakka damar ya shiga shafin CAC ya bincika sunan da kansa. Adireshi yana ba yayan yarinya damar ya hau babur ya je ya ga ƙofar wurin. "Babu masauki" yana hana ɗan Gusau ya taso ya zo ya rasa wurin kwana. Jimlar maza da mata kuwa kada ka raina ta. A aikin masana'anta da na fili, mata da yawa suna ɗauka ba da su ake ba sai an faɗa. Idan wurinka yana da sauƙin shiga ga mai keken guragu, ko aikin mai larurar ji zai iya yinsa, faɗi hakan ma. Dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman tana nan tun da aka sa mata hannu a 2019, kuma akwai masu digiri a cikinsu da ba sa nema saboda sun gaji da a juya su daga bakin ƙofa.

Yanzu sharuɗɗa, inda na fi son a tsaya a yi tunani. Mutane na kwafo su daga tallan bankuna ba tare da sun tambayi kansu me ya sa ba. "Kada ya wuce shekara 26." To, ɗalibin jami'ar gwamnati da ya ci karo da kullen korona da yajin aikin ASUU na 2020, ya sake cin karo da na 2022 wanda ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, wataƙila kuma ya yi shekara a share fagen shiga jami'a, laifin me ya yi? Da wannan layi ɗaya ka kori yawancin 'yan ABU da BUK da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. "Ƙwarewar shekara uku" a gurbin sabon mai digiri magana ce da ke karo da kanta. Idan kana son alamar ya taɓa aiki, ce za a lissafa SIWES da bautar ƙasa da aikin sa kai. "Sai mai digiri, ban da HND" kuma, a aikin da ya shafi inji ko gini ko lissafin kaya, yakan raba ka da wanda ya fi iyawa. Haka nan kada ka dage sai ainihin takardar digiri, domin takan ɗauki lokaci kafin makaranta ta fitar. Takardar sakamako ta wadatar a matakin nema. Kowane sharaɗi ka tambayi kanka: idan babu shi, aikin zai lalace? Idan amsar a'a ce, goge shi.

Ka fitar da ita da Turanci, domin da shi ofisoshin makaranta ke aiki, sannan ka yi ta Hausa a ƙarƙashinta. Ta Hausar iyaye take kaiwa, kuma a gidaje da yawa su ne masu cewa a je ko kada a je. Kada ka tsaya ga hoto mai ado kaɗai. Hoto yana cin data, ba a iya kwafar adireshi daga cikinsa, kuma manhajar da ke karanta wa makaho rubutu ba ta cika iya karanta shi ba. Tura rubutu zalla tare da shi.

Na huɗu, lokaci

Tambayi makarantar da kake hari yaushe ɗalibanta ke fita, domin yajin aiki ya sa kowace jami'a da nata kalandar. Ɗalibai kan fara yawo da takardar neman wuri wata ɗaya ko biyu kafin fita, don haka sanarwarka ta riga su. Kada ka saki talla ana tsakiyar jarrabawa. Ba da mako biyu zuwa uku kafin rufewa; kwana biyu alama ce ta cewa an riga an gama da gurbin, wata biyu kuma mantawa ake yi. Masu bautar ƙasa rukuni-rukuni suke fitowa a shekara, A da B da C, sai ka kai buƙatarka kafin a rufe sansanin rukunin da kake so.

Na biyar, kai ta inda za a yarda da ita

Sanarwa ɗaya ce, amma wadda ta fito daga hannun malamin sashe ta fi wadda ta faɗo daga baƙuwar lamba nauyi nesa ba kusa ba. Saboda haka fara da makaranta, kuma ka je da ƙafarka ko ka tura babban ma'aikacinka.

Kowace jami'a da kwalejin da ke cikin tsarin tana da ofishin SIWES, sannan sassa suna da malamin da ke kula da shi. Rubuta wasiƙa a takardar kamfani mai tambari, ka ambaci yawan ɗaliban da kake so da fanninsu da abin da za ka ba su. Idan ka shiga ka gaisa ka ce, "Ranka ya daɗe, wuri muke da shi na yara biyu, har da kuɗin mota," za ka ga yadda fuskar Malam za ta sake, domin kullum shi ɗalibai ke bi suna cewa sun zaga gari ba a karɓe su ba. Nemi ya sa hannu a manna a allon sanarwa na sashen, kuma ya tura wa shugaban aji. Shugaban aji shi ne mai riƙe da zauren WhatsApp da kowa ke dubawa, saboda a nan ake faɗar an ɗage lacca. Abin da ya shiga nan, kafin la'asar kowa ya gani.

Ka san inda fannin da kake nema yake. A ABU, mai neman ɗan shari'a ko ɗan harkar mulki harabar Kongo zai nufa, mai neman injiniya ko ɗan kimiyya harabar Samaru. Mai harkar noma da fasaha kada ya manta da Jami'ar Aliko Dangote da ke Wudil da ATBU ta Bauchi. Mai aikin hannu ya leƙa Kaduna Polytechnic ko kwalejin Nuhu Bamalli ko ta Hassan Usman Katsina. Sannan akwai ƙungiyoyin ɗalibai na fanni, kamar NACOS ta masu kwamfuta, NUESA ta injiniyoyi da NUASA ta masu akanta. Su ma suna da zaurukansu, har da na waɗanda suka gama shekarun baya, kuma waɗannan tsofaffin zaurukan su ne hanya mafi sauri ta samun mai digirin da ke zaune a gida. Idan ƙungiyar tana makon bikinta, nemi minti goma ka yi magana a gaban ɗalibai. Ganin fuskarka ya fi takarda goma.

Don kofa, rubuta wa shugaban NYSC na jiha wasiƙar buƙata, ka faɗi fanni da adadi da abin da ka tanada na masauki, ka kuma gabatar da kanka ga jami'in hukumar na ƙaramar hukumarku. Idan an turo maka wanda ba ka da aikin da zai yi, ba shi takardar ƙin karɓa da wuri ya nemi wani wurin. Riƙe shi ya shekara yana zaman benci cutarwa ce.

Sai intanet. Shafuka irin su Jobberman da MyJobMag da LinkedIn suna da amfani ga aikin dindindin, musamman idan kana son a nema daga jihohi da yawa, amma ka shirya wa ambaliyar takardu daga Legas da Fatakwal na waɗanda ba su lura da inda aikin yake ba; sa sunan garin a cikin kanun sanarwar. A Arewa, Facebook ya fi su kaiwa ga jama'a. Wallafa a shafin kamfanin kansa, ta yadda duk wanda aka tura wa zai iya komawa ya ga tushe. Rediyo yana da kyau idan iyaye kake son su ji, ko kana neman malamai a ƙaramin gari, sai dai kada ka ce a rediyo "a zo ofis gobe da takardu".

Na shida, yadda za a nema

Dalilin gargaɗin kada a ce "a zo ofis gobe da takardu" a fili yake. A ranar 15 ga Maris 2014, an tara masu neman aikin hukumar shige da fice a filayen wasa a faɗin ƙasar nan, bayan kowannensu ya biya naira 1,000, aka yi turereniya mutane suka mutu a Abuja da wasu garuruwa. Kai ba za ka tara dubbai ba, amma gurbi biyu da aka sanar a rediyo zai iya kawo maka ɗaruruwa bakin ƙofa cikin rana, wasu sun ci bashin kuɗin mota. Kada ka tara mutane, kuma kada ka sayar da fom ko da na naira ɗari ne. Ka kuma ja kunnen mai gadi da masinja, domin ta nan ake karɓar na goro da sunanka ba ka sani ba.

Buɗe hanya ɗaya tak: fom na Google ko imel na kamfani. Idan ka ba da lambarka ta WhatsApp, takardu za su cakuɗe da gaisuwar Juma'a, na wani ya ɓace. Fom ɗin ya zama gajere wanda za a iya cikewa a waya: suna, makaranta, fanni, aji ko shekarar gamawa, unguwar da mutum yake zaune, CV, da tambaya ɗaya da ta shafi aikin. Misali, mai neman akanta ya tambaya, "Idan kuɗin da ke akwati bai yi daidai da na littafi ba a ƙarshen rana, me za ka fara dubawa?" Amsar layi uku za ta nuna maka mai tunani fiye da CV ɗin da aka buga masa a shagon kwamfuta iri ɗaya da na abokansa.

Kada ka nemi BVN ko lambar asusun banki ko hoton katin NIN a wannan matakin. Ba ka buƙatarsu sai ka ɗauki mutum, kuma neman su da wuri ita ce babbar alamar da ɗalibai ke gane ɗan damfara da ita. Bayanan da ka tara amana ce, kuma tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a Najeriya. Kada lambobin 'yan mata su fita daga fom ɗin zuwa wayar wani ma'aikaci. Mutum ɗaya ko biyu kaɗai su riƙe mabuɗin.

Na bakwai, zaɓe da amsa

Da zarar sanarwa ta fita, waya za ta fara ƙara. Kawu yana da ɗa, abokin kasuwanci yana da ƙanwa, limamin unguwa ya aiko. Ba sai ka ɓata da kowa ba. Amsa ɗaya ce, a faɗe ta da ladabi: "Kawu, ya cike fom ɗin, wallahi zan tabbatar an duba nasa da kyau." Idan ya cancanta, madalla. Idan kuwa tun farko ka san gurbin na ɗan Kawu ne, to kada ka tallata shi. Ɗalibai suna gane wa aka ɗauka, kuma malamin da ya tura maka yaransa goma aka mayar da su 'yan rakiya ba zai sake manna takardarka ba.

Zaɓi biyar ko shida ga kowane gurbi. Fara da kiran waya na minti goma, don kada ka taso mutum daga Katsina a kan abin da za a iya ganewa ta waya. Wanda zai zo intabiyu, ba shi sanarwar kwana uku aƙalla, ka ba kowa lokacinsa maimakon a ce duk su zo ƙarfe tara su wuni. A yi shi a ofis, da rana, ba a otal ko gida ba, kuma mutum biyu su zauna. Idan mace ce ke gabanku, ya fi kyau a samu mace a cikin masu tambaya. Ba su ɗan gwaji irin aikin da za su yi: a buɗe Excel a tara wasu alƙaluma, a koyar da darasi na minti goma, a nuna inda matsala take a zanen wayar lantarki. Yaro mai kunya wanda Turancinsa ke sarƙewa a baki sau da yawa a nan yake fitowa.

Waɗanda ba a ɗauka ba, a gaya musu. Saƙo ɗaya ne: an gode, an cike gurbin, za a ajiye takardarsu idan sun yarda. Akwai wanda ke duba wayarsa kullum har wata biyu saboda kai, yana ƙin karɓar wani abin. Ɗan SIWES ma ya fi kowa buƙatar amsa da wuri, domin makaranta ta ba shi wa'adin kawo takardar karɓa. Koma duk inda ka wallafa ka rubuta "an rufe", ka kuma gaya wa shugaban aji da Malam, har da sunan sashen da aka ɗauka daga ciki, domin in ba haka ba sanarwar za ta ci gaba da yawo shekara guda, wani ma ya canza lambar ya riƙa karɓar kuɗi da ita.

Wanda ka ɗauka kuma, ba shi a rubuce. Ga ma'aikaci, dokar ƙwadago ta ce a ba shi takardar sharuɗɗan aiki kafin wata uku su cika, amma ranar farko ta fi: albashi, ranar biya, lokutan aiki, hutu, da yadda ake rabuwa. Ga ɗan SIWES, takardar karɓa mai hatimi da zai kai makaranta, da sunan wanda zai kula da shi. Ranar da ya fara, a zaga da shi, a nuna masa wurin zama da wurin sallah, a ba shi kayan kariya idan wurin inji ne. A sa masa hannu a logbuk duk ƙarshen mako bayan an karanta abin da ya rubuta, kada a bari sai ranar tafiya a sa hannu ashirin da huɗu a zama ɗaya. Idan ya gama, rubuta masa takardar shaida da ta faɗi ainihin abin da ya yi da injin ko manhajar da ya taɓa, ka ajiye lambarsa. Bayan shekara ɗaya ko biyu zai gama karatu da bautar ƙasa, kuma idan gurbin dindindin ya buɗe a lokacin, shi za ka fara kira kafin ka sake rubuta wata sanarwar.